Auna Hargitsin Iska a Can Sama da Balan-balan: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama a jirgin sama ya ji jirgin ya shiga gargada alhali sarari garau yake, babu ko ɗigon gajimare, ya ɗanɗani abin da ake magana a kai a nan. Masana yanayi sun daɗe suna bibiyar wannan hargitsi, musamman a tsayin da jiragen fasinja ba sa kaiwa, kuma har gobe babban abin aikinsu balan-balan ne da na'ura a rataye a ƙarƙashinsa.

Mene ne hargitsin iska? Ba iska mai ƙarfi ba ce kawai?

A'a. Iska tana iya zabga gudun kilomita 200 a awa ba tare da wani hargitsi ba, muddin tana tafiya a jere, kowane sashe yana bin hanyarsa. Hargitsi yana farawa ne sa'ad da jerin ya wargaje, iskar ta shiga juyawa tana naɗe kanta. Babban juyi mai faɗin mita 100 ko fiye ba ya daɗewa sai ya tsage ya zama ƙanana, su ma su tsage, haka dai har a kai ga juyin da bai wuce 'yan milimita ko santimita ba. A nan ne gogayyar da ke tsakanin ƙwayoyin iskar take cinye motsin, ta mai da shi ɗan zafi.

Lewis Fry Richardson na Ingila ya bayyana wannan gangarowa daga babba zuwa ƙarami a 1922, sannan a 1941 Andrey Kolmogorov na Tarayyar Sobiyet ya ɗora ta a kan lissafi. Daga aikinsu aka samo adadin da masu wannan fanni suke farauta, wanda suke yi wa alama da harafin Girka epsilon: yawan kuzarin motsi da ke narkewa ya koma zafi a kowace daƙiƙa, a cikin kowane kilo na iska. Da wat ake ƙidaya shi, kuma a can sama ƙarami ne ƙwarai, galibi kashi ɗaya cikin dubu na wat a kilo guda ko ƙasa da haka nesa ba kusa ba. In ka ji an ce an auna hargitsi, yawanci wannan adadi ake nufi.

Idan aka ce "can sama", daga ina zuwa ina?

Iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa take. Hawa na farko shi ne turofosfiya, inda gajimare da ruwan sama da hadari suke. A cikinsa zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita. Rufinsa yana wajen kilomita 8 zuwa 9 a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, amma a yankin ikwaita yana kai kilomita 17, kuma sanyin wurin yana kai digiri 80 ƙasa da sifili. Daga nan sai sitiratosfiya, har zuwa wajen kilomita 50, inda zafi yake daina raguwa, ya koma ƙaruwa saboda iskar ozon tana shan hasken rana. Sama da ita akwai mesosfiya, zuwa wajen kilomita 85.

Balan-balan ne ma ya tona asirin wannan tsari. Léon Teisserenc de Bort ya yi shekaru yana sakin balan-balan marasa matuƙi daga Trappes, kusa da Paris, kuma a 1902 ya sanar cewa akwai tsayin da sanyi yake daina ƙaruwa. A shekarar ce Richard Assmann na Jamus ya fito da sakamako irin wannan. Aikin auna hargitsi da balan-balan ya fi karkata ga saman turofosfiya da rabin sitiratosfiya na ƙasa, wato daga kilomita 8 zuwa wajen 35.

An ce sitiratosfiya a natse take. To me ke tayar da hargitsi a cikinta?

A natse take ta fuskar cewa iska mai sauƙi tana zaune a kan mai nauyi, don haka duk ƙullin iskar da aka tura sama ko ƙasa zai nemi komawa mazauninsa. Sai da wani ƙarfi daga waje kafin wannan zama ya rushe, kuma ƙarfin iri biyu ne.

Na farko saɓanin gudu. Idan fallen iska na sama ya fi na ƙasa sauri sosai, ko suna fuskantar ɓangarori dabam-dabam, iyakar da ke tsakaninsu sai ta fara lanƙwasa, ta naɗe, ta fashe. Ana kiran wannan da sunan masana biyu, Kelvin da Helmholtz. Akwai lamba ta musamman, lambar Richardson, wadda take gwada ƙarfin natsuwar iska da ƙarfin saɓanin gudu. A 1961 John Miles da Louis Howard sun nuna ta hanyar lissafi cewa muddin lambar ta haura 0.25 a ko'ina, jerin ba zai rushe ba. In ta faɗi ƙasa da haka, ƙofa ta buɗe. Gefen kogin iskar nan mai tsananin gudu da ke ratsa sama a tsayin kilomita 9 zuwa 12 ko sama kaɗan, nan ne matattarar irin wannan saɓani, kuma nan ne jirage suka fi cin karo da gargada a sararin da babu gajimare.

Na biyu raƙuman iska. Iska in ta haye dogon tsauni, ko hadari mai tsawa ya tunkuɗe ta sama, sai ta shiga lilo sama da ƙasa, lilon kuma ya yi ta haurawa. Da yake iska tana ƙara sirancewa gwargwadon tsayi, girman lilon sai ya yi ta ƙaruwa har ya fi ƙarfin kansa ya karye. Inda ya karye, nan hargitsi yake tashi, wani lokaci kilomita 20 ko 30 sama da tsaunin da ya haife shi.

Me ya sa sai balan-balan? Ina jirage da taurarin ɗan'adam da rada?

Jirgin fasinja ba ya wuce kilomita 12 ko 13. Jiragen bincike irin ER-2 na hukumar NASA suna kai kilomita 20, amma tsada gare su kuma ba su da yawa. Tauraron ɗan'adam yana ganin duniya duka, sai dai idonsa ba ya rarrabe abin da kaurinsa bai kai ɗaruruwan mitoci ba, alhali fallen hargitsi sau da yawa 'yan mitoci goma ne. Manyan na'urorin rada, irin wadda Jami'ar Kyoto take da ita a Shigaraki ta Japan tun 1984, suna da amfani ƙwarai domin dare da rana suke kallo, amma wuri guda suke kafe, kuma daga wajen kilomita 25 zuwa 60 amsar da ke dawo musu tana raunana har ta ɓace. Roka tana ratsa wurin, sai dai a guje take wucewa.

Balan-balan kuwa a hankali yake hawa, kimanin mita 5 a daƙiƙa, iska tana tafiya da shi, don haka na'urar tana shiga cikin abin da ake aunawa kai tsaye, tana taɓa shi. Ga arha in an gwada da sauran.

Yaya tafiyar balan-balan ɗin awon yanayi take kasancewa?

Ana hura balan-balan na roba da haidirojin ko hiliyom har faɗinsa ya kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu. A ɗaura masa doguwar igiya, a ƙarshenta a rataye rediyoson, wato ƙaramin akwati mai ma'aunin zafi da na danshi da GPS da na'urar aika saƙo ta rediyo. Daga yadda iska take jan akwatin ake lissafa gudunta da inda ta dosa. Yayin da yake hawa matsin iska yana raguwa, robar tana kumbura. A tsayin kilomita 30 matsin kimanin kashi ɗaya ne cikin ɗari na wanda ke ƙasa, balan-balan ya ninka faɗinsa kusan sau huɗu. Ba a daɗe ba sai ya fashe, akwatin ya sauko, galibi da ƙaramar lema. Hawan duka ba ya cika wuce awa biyu.

Robert Bureau na Faransa ya tashi rediyoson na farko a 1929, Pavel Molchanov na Rasha ya biyo baya a 1930, Vilho Väisälä na Finlan kuma ya kafa kamfanin Vaisala a 1936, wanda har yanzu yake cikin manyan masu ƙera su. A yau tashoshi 800 zuwa 900 a faɗin duniya suna sakin balan-balan, yawancinsu sau biyu a rana, don awon ƙarfe 12 na dare da 12 na rana agogon GMT.

Rediyoson na yau da kullum zai iya auna hargitsi?

Ba don haka aka ƙera shi ba, amma ana tatso labarin hargitsi daga bayanansa ta wata dabara da aka aro daga masana ruwa. A 1977 Stephen Thorpe, wanda ya yi awo a tafkin Loch Ness na Sikotlan, ya fito da tunani mai sauƙi. A ruwan da yake a natse, mai nauyi yana ƙasa, mai sauƙi yana sama. Idan ka zura ma'auni ka tarar da mai nauyi a saman mai sauƙi, to wani abu ya kife su. Sai ka ɗauki awon da ka samu ka sake jera shi a takarda yadda ya kamata ya kasance, ka duba nisan da ka matsar da kowane ɗigo kafin ya koma mazauninsa. Matsakaicin wannan nisa shi ne girman juyin da ya yi kifin.

A iska ba a amfani da zafin da ma'auni ya nuna kai tsaye, domin iska tana hucewa da kanta in ta hau sama saboda raguwar matsi. Ana lissafa zafin da kowane ƙulli zai kasance da shi da a ce an sauko da shi zuwa matsi guda. Wannan daidaitaccen zafi, a iska mai natsuwa, ƙaruwa yake yi da tsayi ba fashi. Duk inda ya ja da baya, alamar kifi ce. A 2008 Carol Anne Clayson da Lakshmi Kantha sun nuna yadda za a yi wannan da bayanan rediyoson, daga nan kuma dabarar ta bazu, domin ta mai da dubban tashin da aka riga aka yi aka ajiye su zama ma'adanar bayanan hargitsi.

Sai dai a yi hattara, don gurabenta suna da yawa. Rediyoson yana aiko awo sau ɗaya a daƙiƙa, wato kowane mita 5, saboda haka duk juyin da bai kai mita 10 ko 15 ba ya kuɓuce masa. Ma'aunin zafin yana da 'yar rawarsa ta kansa, kuma a inda daidaitaccen zafi yake kusan tsayawa cik, wannan rawa kaɗai ta isa ta ƙirƙiro kifin da babu shi. A cikin gajimare lissafin busasshiyar iska ba ya aiki, sai an saka zafin da tururi ke saki. Sannan daga girman juyi zuwa epsilon akwai wata gada ta lissafi da aka gina da awon teku, ba kuma kowane hargitsi ne yake bin ta ba: wanda ya fara tashi yanzu da wanda yake mutuwa suna iya nuna kifi iri guda alhali ƙarfinsu ya sha bamban. A ganina dabarar Thorpe tana da ƙarfi wajen nuna inda hargitsi ya fi yawa da lokutan da ya fi tashi in aka tara tashi dubbai, amma wanda ya ɗauki adadin da ta bayar a tashi guda ya ce shi ne gaskiyar magana, ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Akwai wata hanya mai sauƙi da masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila suka gwada: su maƙala wa rediyoson ƙaramin ma'aunin girgiza, su auna yadda akwatin yake jijjiga in ya shiga iska mai hargitsi.

To waɗanne na'urori aka ƙera musamman don wannan aiki?

Sarauniyarsu ita ce zazzafar waya. Siririyar waya ce mai kaurin kimanin maikiromita 5, ta fi gashin kai siranta fiye da sau goma. Ana zura mata lantarki ta yi zafi sama da iskar da ke kewaye da ita, a kuma tsare zafin a mataki guda. Iska in ta ƙara sauri sai ta ƙara kwashe zafi, na'urar ta ƙara wuta don ta cike giɓin. Wannan hawa da saukar wuta shi ne hoton motsin iskar. Da yake wayar ba ta da wani jiki, nan take take jin canji. 'Yar'uwarta ita ce waya mai sanyi, wadda ba a ɗumama ta, ita kuma ƙananan canje-canjen zafi take kamawa.

Cibiyar Leibniz ta nazarin sararin sama da ke Kühlungsborn a Jamus ta ƙera na'ura irin wannan mai suna LITOS, wadda aka fara tashi da ita a manyan balan-balan daga Esrange, kusa da Kiruna a arewacin Suwidin, a 2008 da 2009. Tana ɗaukar awo sau 8,000 a daƙiƙa. In ka raba mita 5 gida 8,000, ka ga kowane awo bai kai milimita guda ba tsakaninsa da na gaba.

Yadda ake ciro epsilon daga wannan tulin lambobi yana da ban sha'awa. Ana rarraba motsin gwargwadon girman juyi, a zana ƙarfin kowane girma. Inda akwai hargitsi na gaske, layin yana gangarowa da wani tsari sananne da Kolmogorov ya hango, wanda ake kira dokar biyar bisa uku, har ya iso inda gogayya ta karɓi ragama, sai ya karye ya faɗi da sauri. Wurin karyewar ake nema. In hargitsi mai ƙarfi ne, juyi yana iya ƙanƙancewa sosai kafin gogayya ta cim masa. In mai rauni ne, tun yana da ɗan girma ake cinye shi. Amfanin wannan hanya shi ne ba ta bukatar a san ainihin gudun iskar da kowane ƙarfin wuta yake nufi, abin da ke da wuyar tabbatarwa a tafiyar da nauyin iska yake raguwa sau ɗari. Illarta kuma, epsilon yana bin girman wurin karyewar ne ninki huɗu a lissafi: kuskuren kashi 10 cikin ɗari wajen gano wurin yana iya zama kuskuren da ya haura kashi 40 a sakamako.

Shi kansa balan-balan ɗin ba ya dagula iskar da ake son aunawa?

Yana dagulawa, kuma wannan ita ce babbar matsalar sana'ar gaba ɗaya. Balan-balan yana sama, na'ura tana ƙasa, tafiya kuma sama ake yi. Ke nan duk iskar da na'urar za ta shiga, ƙaton ƙwallo mai faɗin mitoci ya riga ya ratsa ta 'yan daƙiƙoƙi da suka wuce, ya bar juye-juyensa a baya. Kamar mai son auna ƙurar hanya ne ya zauna a bayan motar da ke tayar da ita. Ba motsi kaɗai ba: da rana robar tana shan zafi ta bar sawun iska mai ɗumi, da dare ta huce fiye da kewayenta ta bar sawu mai sanyi. Ita ma igiyar tana da nata ƙananan juye-juyen da take zubarwa, kuma su ne suka fi kama da hargitsi na gaske a idon zazzafar waya.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne lokacin da matsalar ta fi tsanani. Idan akwai saɓanin gudu tsakanin tsayin balan-balan da tsayin na'ura, iska tana kwashe sawun ta kai shi gefe, na'urar ta wuce ta cikin iska mai tsabta. Idan kuwa babu saɓani, sawun yana nan tsaye a kan hanya, na'urar ta faɗa cikinsa. Wato daidai inda iska ta fi kwanciyar hankali, inda bai kamata a ga komai ba, nan ne aka fi samun hargitsin ƙarya. A 2019 masu aikin LITOS da kansu suka wallafa nazari a kan wannan, suka nuna yadda za a lissafa yiwuwar cewa na'ura tana cikin sawun balan-balan a kowane tsayi, don a ware awon da ake shakka.

Magani na farko tsawaita igiya. Rediyoson na zamani irin RS41 yana zuwa da igiyar mita 55, na'urorin bincike kuma ana sako su ƙasa da mita 100 ko fiye. Amma doguwar igiya lilo take yi. Mai mita 55 tana kai wa da komowa cikin daƙiƙa 15, sai an tace wannan daga awon gudun iska. Magani na biyu, wanda ya fi inganci, shi ne a yi awon a lokacin saukowa, ma'auni yana kallon ƙasa, ya zama shi ne farkon abin da ya taɓa iskar. Saukowa da lema bayan fashewa ba ta wadatar ba, domin a siririyar iskar can sama faɗowa ake yi da mugun gudu ana jujjuyawa. Shi ya sa wasu suke ɗaura balan-balan biyu, in an kai tsayin da ake so a yanke guda, ɗayan da ba zai iya riƙe kayan shi kaɗai ba ya sauko da su a hankali. Masu aikin HYFLITS na Jami'ar Colorado a Amurka kuma bawul suka saka a wuyan balan-balan, ya riƙa sakin gas har hawa ya koma sauka.

Don haka in ka ga sakamakon awon hargitsi da balan-balan, tambayar farko da za ka yi ita ce: a hawa aka auna ko a sauka, kuma mita nawa ne tsakanin balan-balan da na'ura?

Akwai balan-balan da ke daɗewa a sama?

Akwai. Ana yin su da leda mai ƙarfi wadda ba ta miƙewa, a rufe ruf. In ya hau ya cika ya yi tauri, girmansa ba ya ƙara canzawa, sai ya tsaya a tsayin da nauyinsa ya yi daidai da na iskar wurin, ya bi ta duk inda ta nufa har tsawon watanni biyu ko uku. Hukumar sararin samaniya ta Faransa, CNES, ta ƙware a kansu: ta sake su daga tashar McMurdo ta Antatika a 2005 da 2010, sannan a shirin Stratéole-2 ta sake su daga tsibiran Seychelles a ƙarshen 2019 da kuma 2021, suna zagaya ikwaita a tsayin kilomita 18 zuwa 20. Waɗannan sun fi ƙwarewa wajen auna raƙuman iska, iyayen hargitsi, domin lilon da raƙumin yake yi da su shi ne awon. Wasunsu suna ɗauke da na'urar da ake zurarawa ƙasa da igiya mai tsawon kilomita 2 a sake naɗo ta. Hatta balan-balan ɗin kamfanin Loon, da aka yi don rarraba intanet kafin a rufe shi a 2021, bayanan tafiyarsu sun shiga hannun masana an yi nazarin raƙuman iska da su.

Sama da inda balan-balan yake iya kaiwa fa?

Tsayi mafi nisa da balan-balan marar matuƙi ya kai bai wuce kilomita 53 da 'yan kai ba, Japan ce ta yi a 2013, don haka mesosfiya ta roka ce, irin waɗanda ake harbawa daga Andøya a Norwe. Amma balan-balan yana iya leƙawa daga ƙasa. A watan Yulin 2018 aikin PMC Turbo na NASA ya tashi daga Esrange da kyamarori, ya yi kwanaki yana shawagi a tsayin kilomita 38 har ya sauka a arewacin Kanada, yana ɗaukar hoton wasu siraran gajimaren ƙanƙara da ke fitowa a wajen kilomita 83 lokacin bazarar ƙuryar duniya. A jikin gajimaren ana ganin raƙuman iska suna karyewa suna rikiɗewa zuwa hargitsi ƙarara.

Me aka gano zuwa yanzu?

Babban darasi shi ne hargitsin can sama ba shimfiɗe yake ko'ina ba. Falle-falle yake zuwa, mai kaurin 'yan mitoci zuwa 'yan ɗaruruwa, a tsakaninsu kuma iska lafiya lau, kuma iyakar falle tana iya zama kaifi ɗaya: cikin 'yan mitoci epsilon ya ninka sau ɗari ko dubu. Awon da masanan Faransa suka wallafa a 1994 ya kuma nuna wasu siraran shimfiɗu, da yawansu ba su kai kaurin mita 10 ba, inda zafi yake tsalle farat ɗaya. An kuma sha ganin hargitsi a inda lambar Richardson da aka lissafa daga rediyoson ta ce bai kamata a gan shi ba. Sau da yawa dalilin shi ne an lissafa lambar a kan kaurin da ya fi na fallen, ko kuma hargitsin ragowar wanda ya tashi ɗazu ne bai gama mutuwa ba.

Wa wannan awo yake amfana?

Masu hasashen yanayi su ne kan gaba. Kwamfutocinsu suna yanka sararin sama gida-gida, kowane gida mai faɗin kilomitoci, don haka ba sa ganin juyi mai mita 20. Sai dai a ba su ƙa'idar da za su ƙiyasta tasirinsa, ƙa'idar kuma sai an gwada ta da awo na zahiri. Hargitsi ne yake gauraya ozon da tururin ruwa da ƙurar aman wuta a iyakar turofosfiya da sitiratosfiya, kuma karyewar raƙuman iska tana cikin abubuwan da ke tura iskar saman ikwaita ta juya daga gabas zuwa yamma ta sake dawowa cikin kimanin wata 28.

Sai harkar jiragen sama. Ma'aunin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta amince da shi don bayar da rahoton gargada, wato EDR, daga epsilon ɗin nan aka ciro shi. Masu ƙera jiragen da ke gudu fiye da sauti sau biyar suna son sanin irin iskar da ke tsayin kilomita 20 zuwa 30, domin ƙananan juye-juye suna iya sauya yadda iska take bin jikin jirgin da yadda yake ɗaukar zafi. Dalilin aikin HYFLITS ke nan. Masu nazarin taurari su ma suna ciki: ƙyaftawar da tauraro yake yi hargitsi ne yake karkatar da haskensa, shi ya sa kafin a kafa babban madubin hangen nesa akan tashi balan-balan mai siraran wayoyi biyu, tazarar kimanin mita guda a tsakaninsu, a auna bambancin zafi a kowane tsayi.

Gaskiya ne sauyin yanayi yana ƙara gargada?

Wani nazari na Jami'ar Reading da ya fito a 2023 ya nuna cewa gargada mai tsanani a sararin da babu gajimare ta ƙaru da kashi 55 cikin ɗari a saman arewacin tekun Atlantika tsakanin 1979 da 2020. A lura dai cewa daga taswirar iska da kwamfuta ta sake ginawa aka lissafa wannan, ba daga awon juyi kai tsaye ba. Tsofaffin bayanan balan-balan suna cikin 'yan hanyoyin da za a iya bi a gwada irin wannan sakamako.

Waɗannan balan-balan ba sa zama haɗari ga jirage?

Rediyoson na zamani nauyinsa wajen giram 100 ne. A ƙa'idar ICAO, balan-balan ɗin da kayansa ba su kai kilo 4 ba yana cikin rukunin marasa nauyi, in dai ya cika sauran sharuɗɗa. Manyan na bincike kuwa sai da izini da sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage, kuma ana bin sawunsu har su sauka.

Tashar da ba ta da na'urori masu tsada tana da rawar da za ta taka?

Tana da ita, kuma ba ta bukatar sayen komai sabo. Shekaru da dama tsarin aika rahoton rediyoson na tsohon yayi yana ɗaukar 'yan matakai ne kawai daga cikin tafiyar, 'yan gommai ko ɗari da wani abu, alhali na'urar ta auna dubbai. Wannan ya ishi hasashen gobe, amma ga mai neman hargitsi an zubar da naman an bar ƙashi, domin dabarar Thorpe ba ta aiki sai da awon kowace daƙiƙa. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana tura ƙasashe su koma tsarin BUFR, wanda yake iya ɗaukar tafiyar duka tare da wurin da balan-balan yake a kowane mataki. Tashar da ta ajiye cikakken awonta, ta rubuta irin na'urar da ta yi amfani da ita da tsawon igiya da girman balan-balan, ta ba masu bincike abin da suke nema. Bukatar ta fi tsanani a yankin ikwaita da kudancin duniya da saman manyan tekuna, inda tashoshi suka yi ƙaranci, alhali a ikwaita ne manyan hadarai masu tsawa suke tura raƙuman iska zuwa sitiratosfiya kusan kullum.